An Janye Maganin Daga Kasuwa, Amma Wa Ya Gaya Wa Uwar Yaro?

A yawancin gidajenmu akwai wani wuri, ko kan taga, ko saman kabad, ko cikin tsohon gwangwanin madara, inda ake ajiye kwalaben maganin yara. Duk mai zagayen gaida marasa lafiya kamar yadda muke yi ya san wannan wuri. Za ka tarar da maganin zazzaɓi wanda aka sha rabi, da na tari wanda takardarsa ta koɗe, da na haƙori wanda wata maƙwabciya ta kawo ta ce shi ya taimaki nata ɗan. Ba a zubarwa, gama da kuɗi aka saya, ciwon yaro kuwa yakan tashi da tsakar dare sa'ad da kemis yake a rufe. Ba mu ga laifin kowa a nan ba. Amma akwai labarin da ya kamata kowane mai irin wannan ajiya ya sani, watau abin da yake faruwa sa'ad da hukuma ta gano wani kayan yara yana da haɗari, ta ce a janye shi daga kasuwa, maganar kuwa ba ta kai kan tagar nan ba.

Abin da ya faru a 2008

A watan Nuwamba na 2008, likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya, suka lura ana ta kawo musu ƙananan yara masu ciwo iri ɗaya. Yaro ya fara da zazzaɓi da amai da zawo, bayan 'yan kwanaki sai fitsari ya ɗauke masa, jiki ya kumbura, daga nan sai rasuwa. Haka aka riƙa gani a manyan asibitocin Legas da Ibadan. Da aka tsananta tambayar iyaye abin da suka ba yaran kafin a zo asibiti, sai suna guda ya riƙa fitowa, shi ne My Pikin, wani maganin ruwa mai farasitamol a ciki wanda ake ba yara masu fitar haƙori. Kamfanin Barewa da ke Legas ne yake yin sa.

Aka gwada maganin, aka sami wani sinadari mai guba a ciki, wanda ake kira dayetilin gilaikol. Hukumar NAFDAC, wadda a lokacin Farfesa Dora Akunyili take shugabanta, ta rufe masana'antar, ta umarta a kwashe maganin daga shaguna, aka yi shela a rediyo da talabijin da jaridu. Sa'ad da aka yi shelar, yara 25 ake lissafi sun rasu. Farkon Disamba lissafin ya kai 34. A watan Fabrairu na 2009 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ce yara 84 suka mutu, daga mai wata biyu har zuwa mai shekara bakwai.

Wasu daga cikin waɗannan yara sun riga sun sha maganin kafin a gane, sai daga baya labarinsu ya iso. Amma masu binciken da suka bi iyayen ɗaya-ɗaya sun tarar da abin da ya fi ciwo: akwai yaran da aka ba maganin bayan an yi shelar janye shi. Kwalbar tana nan a ɗaki, ko a kantar wani ƙaramin kemis, uwar kuwa ba ta ji komai ba. Da hannunta, da cokalinta, cikin ƙaunar ɗanta ta ba shi.

A watan Mayu na 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin su biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai. Shari'a ta yi nata, amma ba ta mai da yaro ko ɗaya ba.

Yaya guba take shiga maganin yara?

Mai karatu zai yi tambaya, me ya kai guba cikin maganin jariri? Ga yadda abin yake. Garin farasitamol ba ya narkewa sosai a ruwa zalla. Saboda haka masu haɗa maganin ruwa sukan nemi wani ruwa mai kauri, mai ɗan zaƙi, marar cutarwa, kamar gilisarin ko furofilin gilaikol, su narkar da maganin a ciki. Shi kuwa dayetilin gilaikol kamanninsu ɗaya: ba launi, ba wari, ga kauri, ga ɗan zaƙi. Aikinsa a masana'antu yake, a cikin man birki na mota da fenti da makamantansu, ya kuma fi su araha. Idan wani marar tsoron Allah ya zuba shi a duro ya manna masa sunan mai kyau, ko ya gauraya su don riba, ido ba zai gane ba, harshe ma ba zai gane ba. Sai injin gwaji a ɗakin bincike. Kamfanin da ya sayi duron bai gwada ba, ya haɗa magani da shi, to, shi ke nan. A maganar My Pikin, bincike ya nuna an sayi sinadarin ne daga hannun masu sayar da kemikal marasa lasisi a Legas.

Idan yaro ya sha, hanta takan juya shi ya zama wani ruwa mai tsami da ke lalata ƙoda. Ƙoda kuwa ita ce matatar jiki. Da zarar ta tsaya, fitsari ya tsaya, dattin da ya kamata ya fita sai ya taru a jini. Abin da yake ceto a wannan hali shi ne wankin ƙoda, wanda ba kowane asibiti yake da injinsa ba, balle na jarirai. Wani abin tausayi kuma, alamun farko sun yi kama da na ciwon da aka sayi maganin dominsa. Yaro ya yi amai, jiki ya yi zafi, sai uwa ta ce ciwon ne bai sake shi ba, ta ƙara masa cokali.

Mutanen Filato ba baƙin wannan masifa ba ne. Tsakanin watan Yuni da Satumba na 1990, yara 47 suka mutu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bayan sun sha farasitamol na ruwa wanda wannan guba ta shiga. Idan aka haɗa da na yankin Ibadan a wannan shekara, sun wuce 100. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka kafa NAFDAC da dokar soja ta 1993. Shekara 18 bayan abin da ya faru a Jos, guba ɗaya, hanya ɗaya, ta sāke dawowa.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. A 2022 yara wajen 70 suka mutu a ƙasar Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi ranar 5 ga Oktoba a kan magungunan tari da mura guda huɗu na wani kamfanin Indiya mai suna Maiden. A shekarar nan ɗaya yara fiye da 200 suka mutu a Indonesiya, fiye da 60 a Uzbekistan. A 2023 abin ya iso maƙwabtanmu Kamaru ta wani maganin tari mai suna Naturcold. A 2025 yara aƙalla 20 suka mutu a jihar Madhya Pradesh ta Indiya bayan sun sha wani mai suna Coldrif. Sunan kwalba ne kawai yake sauyawa.

Shela daban, bin kwalba daban

Janye kaya daga kasuwa aiki biyu ne. Na farko shi ne shela, wannan kuwa mai sauƙi ne, takarda ce da sa hannu. Na biyu shi ne bin kayan duk inda suka shiga har a karɓo su, nan ne wuyar take.

Amurkawa sun koyi wannan tun 1937. A shekarar nan wani kamfani a jihar Tenesi ya narkar da maganin salfa cikin wannan dayetilin gilaikol ɗin, ya sa masa ƙanshin 'ya'yan itace, ya aika kasuwa ba tare da gwaji ba. Da mutane suka fara mutuwa, hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ba ta tsaya ga aika waya ba. Ta baza kusan dukan jami'anta na fili, mutum 239, suka bi shaguna da ofisoshin likitoci da gidaje, suna bin rasit ɗaya-ɗaya. Daga galan 240 da aka haɗa, sun ƙwato galan 234. Ɗan abin da ya kuɓuce, wanda bai cika galan 6 ba, shi ya kashe mutum fiye da 100, da yawansu yara. A tuna, da an bar sauran galan 234 a hannun jama'a fa? Wannan ne ya sa a 1938 suka kafa dokar da ta ce ba za a sayar da sabon magani ba sai an nuna ba ya cutarwa.

Gambiyawa ma haka suka yi a 2022. Ma'aikatan lafiya da matasan ƙungiyar Red Cross suka bi gida-gida suna sallama, suna roƙon iyaye su fito da kwalaben da suke ajiye. Sun gane cewa uwar da take gona tun asuba ba ta karanta jarida, kuma mai kemis ɗin da ya zuba jarinsa cikin kwali guda na magani ba lalle ya yi hanzarin fito da shi ba.

Halinmu ya fi kama da na Gambiya. A ƙasarmu magani yakan bi hannu da yawa: daga kamfani zuwa babban dila, daga dila zuwa kasuwar magani, daga can zuwa kemis na unguwa, har zuwa mai tallar magani a faranti ko a bayan keke ranar kasuwar ƙauye. Ba mai rubuta sunan wanda ya saya. Idan shela ta fito daga Abuja, takan tsaya a birane, kwalbar kuwa ta riga ta haye kogi.

Ba magani kaɗai ba ne

Abin da muke faɗa bai tsaya ga magani ba. A 2007 kamfanin Mattel na Amurka ya janye miliyoyin kayan wasan yara, wasu domin fentinsu yana da dalma fiye da kima, wasu domin ƙananan maganaɗisu da ke ɓallewa yaro ya haɗiye. Dalma kuwa mun san ɓarnarta, gama ita ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010.

Akwai kuma wani gadon jarirai mai jingina, mai lilo, wanda ake kira Rock 'n Play na kamfanin Fisher-Price. A watan Afrilu na 2019 aka janye guda miliyan 4.7 bayan jarirai fiye da 30 sun mutu a cikinsa. Dalili shi ne, jariri idan ya yi barci a jingine, kansa yakan faɗo gaba, ko ya juya fuskarsa ta nutse cikin laushin gadon, numfashi ya toshe. A watan Janairu na 2023 sai da hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta sāke yin shelar, gama lissafin ya kai wajen 100, aƙalla 8 daga ciki kuwa bayan shelar farko suka mutu. Wannan fa a ƙasar da kusan kowa yake da waya da intanet ke nan. Gadajen suna nan a gidaje, ana ba ƙanne, ana sayarwa a matsayin tsofaffin kaya.

Nan ne maganar ta shafe mu, mu masu sayen gwanjo. Gadon jariri, da keken koyon tafiya, da 'yar tsana da suka tsallako teku cikin dila ba su zuwa da takardar gargaɗi. Ba mu ce a daina sayen gwanjo ba, gama mun san halin aljihu. Amma a duba da kyau. Abin wasan da fentinsa yake ɓarewa, ko yake da ƙananan abubuwa masu cirewa, ko ƙaramin batir mai kamar maɓallin riga wanda murfinsa ba shi da kusa, kada a ba yaron da yake kai komai baki. Jariri kuma a kwantar da shi rigingine a kan shimfiɗa miƙaƙƙiya mai ɗan tauri, ba a jingine ba.

A koyi karanta lambar haɗi

Kamfani ba ya haɗa magani duka a rana ɗaya. Tukunya-tukunya ake yi, kamar mai kunun sayarwa, na jiya daban, na yau daban. Kowace tukunya tana da lambarta, ana buga ta a jikin kwali da kwalba kusa da ranar yi da ranar ƙarewar aiki. Da Turanci za a ga an rubuta Batch No. ko Lot, sai lambar ta biyo. Wannan ita ce lambar haɗi, kuma sau da yawa da ita ake yin shelar janyewa.

Ga misali. A watan Afrilu na 2024 NAFDAC ta janye maganin tari na yara mai suna Benylin Paediatric, mai lambar haɗi 329304, wanda aka yi a Afirka ta Kudu, domin gwajinta ya nuna guba a ciki. Ƙasashe irin su Kenya da Ruwanda da Tanzaniya suka bi sawu. Daga baya hukumar magunguna ta Afirka ta Kudu ta ce nata gwajin bai ga gubar ba. Duk da haka janyewar daidai ce, gama a kan ran yaro gara a yi asarar kwalba. Abin lura shi ne, wanda ya ji sunan kawai bai ji lambar ba, ko dai ya firgita a banza, ko ya ce ai wannan sanannen magani ne, ya ci gaba da bayarwa.

Mu kuma tuna My Pikin ba a lungu aka haɗa shi a ɓoye ba, kamfani ne mai masana'anta da suna. Lambar rajistar NAFDAC a jikin kwali abu ce mai kyau, kada a sayi maganin da ba shi da ita. Amma ita shaida ce cewa an yi wa maganin rajista, ba ta ce an gwada kowace tukunya ba. Shi ya sa kunne ya zama a buɗe ko bayan an saya.

Abin da yake hannunmu

Na farko, a rage sayen abin da ba a bukata. Fitar haƙori ba ciwo ba ne. Yakan sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan fitina, amma ba ya kawo zazzaɓi mai zafi ko zawo mai yawa. Abin da yake faruwa shi ne, wajen wata shida, lokacin da haƙori yake fitowa, shi ne lokacin da kariyar da yaro ya samo daga jikin uwarsa take raguwa, ya fara rarrafe, yana kai komai baki. Sau da yawa abin da muke kira haƙori zazzaɓin cizon sauro ne ko ciwon ciki, wanda yake bukatar gwaji a asibiti. Dasashi mai ƙaiƙayi kuwa, a wanke hannu a murza masa a hankali da yatsa, ko a ba shi tsabtataccen ƙyalle mai sanyi ya ciza. Tarin mura ma yawanci da kansa yake wucewa, nono da ruwan ɗumi sun isa, zuma kuma sai ga wanda ya wuce shekara ɗaya. Amma idan yaro yana numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa yana shiga ciki, a tafi asibiti nan da nan.

Na biyu, idan ya zama dole a sayi maganin ruwa, a saya a wurin mai lasisi, kada a yar da kwalin. Wanda ya iya rubutu a gidan, ko ɗan makaranta ne, ya rubuta sunan maganin da lambar haɗi da inda aka saya a bayan katin awon yaron.

Na uku, a san alamar haɗari. Yaron da ya sha maganin ruwa, sa'an nan amai ya ƙaru, ya yi laushi, ya wuni bai jiƙa zane ko famfas ba, kada a jira gobe, kada kuma a ƙara masa ko ɗigo. A kai shi babban asibiti, a tafi da kwalbar a hannu.  Kwalba ɗaya a hannun likita tana iya ceton yaran gari guda.

Na huɗu, maganin da aka janye ba a ba wani, ba a kuma jefa shi a bola, inda yara suke tsintar kwalabe, wasu kuma su ɗauraye su zuba man gyaɗa ko turare. A mai da shi asibiti, ko kantin magani mai rajista, ko ofishin NAFDAC na jiha.

Na biyar, wanda shi ne dalilin wannan rubutu, mu zama ƙafafun shelar. Jami'an hukuma ba su da yawan da za su shiga kowane ɗaki daga Zonkwa zuwa Biliri, daga Zuru zuwa Mubi. Mu kuwa muna taruwa kowane mako, kuma a kusan kowace ikkilisiya akwai nas, ko malamin asibiti, ko mai kemis, ko matashi mai waya da yake ganin sanarwar NAFDAC ranar da ta fito. A ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki. Idan an janye wani kayan yara, ya tabbatar daga hukumar ta fito, ba jita-jitar WhatsApp ba ce, sa'an nan ya kawo wa sakatare a karanta lokacin sanarwa, da Hausa da yaren garin, a faɗi sunan da lambar sau biyu, a manna a allon sanarwa. Zumuntar Mata su ɗauka su kai gidaje a ranar ziyara, su ce, “Mama, fito da kwalaben nan mu duba tare.” Kada kuma a tsallake ƙofar kowa, Kirista ne ko Musulmi, gama kemis ɗaya muke zuwa, yaranmu kuma tsakar gida ɗaya suke wasa.

'Yan'uwa masu sayar da magani, ku ma muna roƙonku. Mun sani kwali guda da aka janye asara ce ga ƙaramin jari. Amma ku kun san fuskar wanda ya saya, abin da hukuma ba ta sani ba. Ku kwashe daga kanta, ku aika a gaya wa waɗanda kuka sayar wa. Kuɗi yana dawowa.

Yaran Jos na 1990, da suna raye da yanzu sun kusa shekara arba'in, da nasu 'ya'yan. Na 2008 da yanzu samari ne da 'yan mata. Iyayensu suna nan a cikinmu, wasu har yau ba su iya duban kwalbar maganin yara ba tare da zuciya ta tsinke ba. Ba su yi laifin komai ba, labari ne bai iso su da wuri ba. Yau da yamma, kafin a kwanta, a sauko da gwangwanin nan daga kan taga, a kunna fitila, a karanta abin da aka rubuta a jikin kowace kwalba. Wanda ya ƙare aiki, da wanda takardarsa ta goge, da wanda ba a san inda ya fito ba, a ware shi.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya ta'azantar da waɗanda suka yi rashi. Amin.